Abin Da Na Koya Daga Agogon Motar Babana

Da Malam ya ce kowa ya rubuta abin da ba zai manta da shi ba cikin hutun da ya wuce, sai abokaina suka kama ba da labarin biki, da ƙwallo, da zuwa birni. Ni kuwa na duba, na ga ba ni da labarin da ya fi na motar babana. Wanda ya ga kan maganar zai ce wannan ai zancen makanikai ne, me ya kawo shi nan? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, gama ni kaina ban san inda maganar za ta kai ni ba sa'ad da ta faro.

Ni mutumin Aujara ne, cikin ƙaramar hukumar Jahun, a masarautar Dutse. Babana direba ne. Yana da bas guda ɗaya, Toyota Hiace, ƙirar shekarun 1990, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. Ta girme ni nesa ba kusa ba. An rubuta mata "Haƙuri Maganin Zaman Duniya" a baya, shi ya sa 'yan tasha ke kiranta Mai Haƙuri. Da ita muke ci, da ita muke sha, da ita ake yi mana ɗinkin Sallah. Takan ɗauki mutane da kaya zuwa Jahun, da Kiyawa, da Dutse, da kasuwannin Shuwarin da Gujungu. Wani lokaci kuma, in an samu shata, takan kai har Maigatari ran Alhamis. Duk sa'ad da aka ba mu hutu ni ne yaron mota. Ni ke kiran fasinja, ni ke ɗaure kaya, ni ke karɓar kuɗi.

A gaban direba, bayan sitiyari, akwai wani ɗan akwati mai fuskar gilashi wanda agogunan mota ke ciki. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin allura ko ɗaya ta motsa cikin na motarmu ba. Maleji ya mutu domin wayarsa ta tsinke. Allurar mai tana kwance a ƙasa, ko an cika tanki ko ba a cika ba. Allurar zafin inji ita ma ta yi barcin da ba ta farkawa. Abin da ya rage da rai shi ne wata 'yar jar fitila ta baƙin mai, ita kuwa ta faye ƙyafta ido ba dalili, har ta ishi Baba, ya samo sitikar wani ɗan takara ya manna a kanta. Daga ran nan ba ta ƙara damun kowa ba.

In na yi magana sai Baba ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, shekara ashirin ina tuƙi. Kunnena shi ne agogona. In ta yi tari na san abin da ke damunta." Gaskiya ne kuma, yana da kunne. Yakan ji ƙarar da babu wanda ya ji cikin mota. Mai kuwa da ka yake lissafta shi, ga galan guda kullum a ƙarƙashin kujerar baya saboda tsaro. Amma tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma har ta wuce naira 1,000, sai lissafin ka ya fara wuya. Da can akan cika tanki a manta. Yanzu kaɗan-kaɗan ake sha, sau biyu kuwa mai ya yanke mana a daji, na sauka na ɗura na galan fasinja suna tsaki.

Ana nan, ana nan, sai ran da dubu ta cika. Bayan ƙaramar Sallah ta 2025 ne, cikin watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa kamar ta yi mata laifi. Mun ɗauko mutane da buhunan gero za mu kasuwar Shuwarin. Mun wuce Jahun, mun miƙa hanyar Kiyawa, sai na ji kujerar da nake zaune ta ɗau ɗumi fiye da yadda ta saba. Na ce a raina zafin gari ne. Can sai wani wari ya taso. Baba ya taka totur, mota ta ƙi amsawa. Kafin ya gangara gefe sai ga tururi yana fitowa ta ƙarƙashinmu, mata suna salati, kowa yana neman ƙofa.

Ashe robar da ke kai ruwa lagireto ce ta tsage daga ƙasa, ruwan ya yi ta zuba a kan kwalta muna tafe ba mu sani ba. Ruwa mai zuba a bayan mutum kuwa ba ya ƙara, balle kunne ya ji. Da aka jawo motar zuwa gareji aka buɗe, sai bakanike ya girgiza kai, ya ce gasket ya ƙone, kan injin kuma ya lanƙwashe saboda zafi. Ya ce, "Alhaji, da kun tsaya minti biyar kafin haka, da kuɗin roba kaɗai za ka kashe."

Mako uku Mai Haƙuri ta yi a kan duwatsu. Aka sayar da akuyoyin Inna guda biyu, aka haɗa da buhun riɗin da aka ajiye, sa'an nan aka ciwo bashi a kai. Gidanmu ya yi tsit. Na ga Baba, wanda ba ya wuni a gida, yana zaune a zaure da tasbaha tun safe har azahar. Ni ma na koma makaranta a makare, akwatina babu gari, babu ƙuli-ƙuli, sai sabulu guda da 'yan kuɗin da Inna ta ƙulle mini a bakin zane.

A nan dole in faɗi wani abu wanda ba na jin daɗin faɗinsa. Cikin akwatin nan, can ƙasa ƙarƙashin jaridar da na shimfiɗa, akwai takardar sakamakon jarrabawata ta zango na biyu. Na ci 34 bisa 100 a lissafi, an ja masa layi da jan biro. Baba ya yi karatun allo, yana rubuta ajami da kyau, amma takardun boko ni ke karanta masa. Da ya tambaye ni sakamako farkon hutu, sai na ce ba a ba mu ba tukuna. Ya ce to, bai ƙara tambaya ba. Da motar ta lalace sai na samu hujja, na ce wa zuciyata ai bai kamata in ƙara masa baƙin ciki ba.

Cikin zango na uku Malamin Fiziks ya koya mana dokar Ohm, watau ƙa'idar da wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana a 1827. Ya ce ƙarfin wutar da ke bi ta cikin waya ya dogara ga abu biyu: ƙarfin turi na batir, da kuma tirjiyar abin da wutar ke ratsawa. In tirjiya ta ragu wuta ta ƙaru, in ta ƙaru wuta ta ragu. Sa'an nan ya kawo misali da mota. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe kamar kan yatsa da ake ɗaurawa a jikin inji, bakinsa yana cikin ruwa. In ruwan ya yi zafi sai tirjiyarsa ta ragu, wuta ta ƙaru, allurar da ke gaban direba ta ɗaga. Da na ji haka sai gabana ya faɗi. Na tuna akuyoyin Inna. Ashe abin da ya raba mu da su bai fi kan yatsa ba!

Bayan an tashi na bi Malam har ofis, na ba shi labari. Ya zaunar da ni, ya zana mini agogunan mota ɗaya bayan ɗaya a takarda, da abin da kowanne ke aunawa, da inda yake samun labari. Ya ce in riƙe abu guda: kowane agogo yana da ɗan aikensa a jikin inji ko a tanki, in kuwa agogo da ɗan aike ba yarensu ɗaya ba, to, allura za ta motsa, amma ƙarya za ta faɗa. Na ninke takardar na ajiye.

Da aka ba da dogon hutu na iso gida, ban kwana biyu ba na kawo wa Baba maganar a sake akwatin agogo gaba ɗaya, a sa mai rai, a ƙara da na baƙin mai da na batir. Ya ce, "Bashin gyara bai fita ba, kana so in sayi kayan ado?" Na ce, "Baba, ba ado ba ne, idanu ne." Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na bari aka kwana uku na sake komawa, ya sake kora ta. Abin da ya karya gardamar Inna ce. Tana tankaɗe tana jinmu, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ni dai saura akuya ɗaya gare ni." Baba ya yi shiru. Da dare ya ce in shirya, jibi za mu Kano.

Muka bi ta Wudil muka shiga birni da hantsi, muka zarce kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Tare da mu akwai wani mai gyaran wutar mota, abokin Baba, wanda kowa ke kira Oga Rewaya. Kai, ban taɓa ganin ƙarafa tuli irin na ran nan ba! Ga injuna a jere, ga ƙofofi, ga fitilu, galibi kayan Beljiyam, watau waɗanda aka kwance daga tsofaffin motocin Turai. Muka sami rumfar mai agoguna, ya fito mana da guda uku, duka kuwa za su zauna daidai a ramin motarmu.

Na farko ya fi araha, Baba har ya sa hannu a aljihu. Na duba da kyau, sai na ga manyan lambobinsa na mil ne, irin na motocin Ingila. Mil ɗaya kuwa kilomita ɗaya ne da kashi shida cikin goma. Wanda ya ga allura a kan 60 ya ɗauka kilomita ne, alhali yana gab da 100. Alamun hanyoyinmu da dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, duk da kilomita suke. Muka ajiye shi.

Na biyu ya fi kyau, gilashinsa fes. Oga Rewaya ya juya shi, ya nuna mana wata alama kamar naɗaɗɗiyar waya, ya ce wannan na motar gas ne. Ya ce agogon juyin inji na motar fetur yana ƙirga tartsatsin da ke zuwa fulogi ne, injin gas kuwa ba shi da fulogin tartsatsi, saboda haka ta wata hanya dabam nasa ke ƙirge. In aka sa shi a tamu ba zai faɗi daidai ba. Na uku shi ne na fetur, na inji mai silinda huɗu kamar namu, da maleji na kilomita mai aiki da waya, da agogon juyin inji, da na mai, da na zafi. Gefensa ya ɗan fashe, amma Oga Rewaya ya ce fashewar gefe ba ta hana allura gaskiya. Aka yi ciniki, albarka, a ƙara, albarka, har aka sallama. Muka sayi wayar maleji, da sabon ɗan aiken zafi, da wasu ƙananan agoguna biyu masu da'ira, ɗaya na ƙarfin baƙin mai, ɗaya na batir, domin akwatin bai zo da su ba. Da za mu fita Oga Rewaya ya matsa wa Baba ya sayi fambel guda na ajiya. Baba ya saya yana gunaguni.

Washegari aka fara aiki a gindin wata darbejiya kusa da tasha. Ni na zaci a cire wancan a cusa wannan ne, kafin azahar an gama. Ina! Kwana biyu cur muka yi. Da fari Oga Rewaya ya cire kan batir, ya ce wanda ya taɓa wayar mota batir na haɗe, gobara yake nema. Sa'an nan ya kwance sukurori, ya zaro tsohon akwatin, ga ƙura, ga gidan zanzaro a bayansa. Da aka gwada soket sai aka ga ramukan tsoho da na sabo ba a jere ɗaya suke ba. Wayar da ke kawo labarin mai a wancan, a wannan gurbin fitilar sigina take faɗawa. Dole a bi kowace waya, a san daga ina ta fito, ina za ta.

Nan ne na yi amfani. Oga Rewaya yana taɓa waya da mitarsa yana faɗin launinta da aikinta, ni kuwa ina rubutawa a littafin makaranta, na ja layi biyu, tsoho a hagu, sabo a dama. Da ya ga jadawalin sai ya ce, "Alhaji, wannan yaron naka ka bar mini shi." Baba ya ce, "Ɗauke shi, cinsa ya fi aikinsa." Amma na ga yana murmushi.

Da aka haɗa aka murza makulli, fitilu suka kama, allurai suka motsa, yaran tasha suka yi shewa. Baba ya ce shi ke nan, a rufe. Ni kuwa na tuna maganar Malam, na ce, "Oga, yaya za mu san gaskiya suke faɗa?" Ya dube ni, ya ce in je wurin mai shayi in karɓo tafasasshen ruwa cikin gwangwani, da ɗan risho. Ya ɗaura waya a jikin sabon ɗan aiken zafi, ya haɗa ɗaya da jikin mota, ya tsoma bakinsa cikin ruwan yana tafasa. Ruwa kuwa, kamar yadda muka koya, wajen digiri 100 yake tafasa. Allura ta tashi a hankali, ta wuce tsakiya, ta tsaya. Ya ce, "To, Alhaji, dubi nan. Inji mai lafiya yana aiki ne wajen digiri 80 zuwa 90, ƙasa da nan kaɗan. In ka ga ta wuce wannan wuri tana neman ja, ka tsaya, ko Sarki ka ɗauko." Da aka tsoma tsohon ɗan aiken cikin ruwan nan, allura ko gezau.

Na mai ya fi ba mu wahala. Cikin tanki akwai wani abu mai iyo a kan fetur, da hannu kamar na ludayi. In mai ya sauka sai ya sauka, ya sake tirjiyar wuta, allura ta bi. Namu ya sha tsatsa ya maƙale a tsakiya, sai sabuwar allura ta ce rabin tanki alhali mun san bai fi lita biyar ba. Oga Rewaya ya ce, "Ka gani? Gara matacciyar allura da wannan. Matacciya ka san ba ka sani ba, wannan kuwa sai ta kai ka daji ta yar." Aka fito da shi aka wanke, aka gyara. Muka je gidan mai, ana zuba lita goma-goma ina rubuta inda allura ta tsaya.

Sa'an nan aka ɓamɓare sitikar ɗan takara daga tsohon akwati, don a ga fitilar da ta sha ɗauri. Oga Rewaya ya bayyana mana cewa wannan fitila maɓalli ne kawai gare ta, ba ta kamawa sai ƙarfin baƙin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, lokacin da inji ya kusa bugawa. Agogo kuwa yana nuna raguwar tun tana ƙarama. Da aka duba, ashe maɓallin namu ne ya lalace yake yoyo, injin lafiyarsa lau. Amma shekara nawa muka yi ba mu san ko maɓalli ne ko inji ba? Allah ne kaɗai ya rufa asiri. Aka sa sabon maɓalli, aka ɗaura na agogo kusa da shi, domin fitila da allura su yi aiki tare.

Kada ku zaci daga nan Baba ya yi ta sa mini albarka. Makon farko fushi ya yi ta yi. Agogon batir ya kamata ya nuna wajen 14 in inji na aiki, sai ya tsaya a 13 da ƙyar. Aka duba, aka ga fambel ya saki, aka ɗaure. Allurar zafi kuma takan ɗaga in an hau tudu da kaya, aka duba, aka ga lagireto ya toshe da laka, murfinsa kuma ya mutu. Murfin nan ashe ba rufi kaɗai yake yi ba, shi ke matse ruwa don kada ya tafasa da wuri. Ko wanne kuɗi ne. Baba ya ce, "Da muna zamanmu lafiya, ka kawo mana 'yan gulma cikin mota. Kullum sai sun kawo ƙara!" Na ce, "Baba, ai ba su suka kawo ciwon ba, tarar da shi suka yi." Ya ce in rufe masa baki.

Ran nan cikin ƙarshen Agusta, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wajen ƙarfe ɗaya na dare aka buga mana ƙofa. Maƙwabcinmu ne, matarsa tana naƙuda tun la'asar, abin ya gagari ungozoma, an ce a kai ta babban asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar MSF ke taimakon mata masu haihuwa tun 2008. Baba ya zura riga, ya ce in taso in riƙe masa fitila. Aka shimfiɗa tabarma a bayan mota, mata biyu suka riƙe ta, muka kama hanya.

Mun yi nisa, mun ratsa wani wuri da ruwa ya kwanta, sai na ga allurar batir ta sauko daga 14 zuwa 12, jar fitilarsa ta kama. Na ce, "Baba, dubi." Ya ce ya gani, batir zai kai mu. Ba a jima ba allurar zafi ta fara tafiya. Ta wuce tsakiya, ta wuce inda ta tsaya ran da muka tsoma ta a ruwan mai shayi. Nan take na gane, domin fambel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa. Na ce, "Baba, fambel ne ya tsinke." A baya mace tana nishi, mijinta yana cewa, "Alhaji, don Allah kada ka tsaya!" Inji kuwa yana ta aikinsa, babu wata ƙara da kunne zai kama.

Na ga Baba ya dubi hanya, ya dubi allura, ya sake duban hanya. Sai ya gangara gefe ya kashe mota. Ya ce wa maƙwabcin, "In na tsaya yanzu, minti ashirin ne. In ban tsaya ba, sai gobe." Muka ɗaga kujera, zafi ya buge mu. Ga tsohon fambel ya zama zare. Na haska masa da fitilar waya, hannuna na rawa, ya sassauta altaneta da sifana, ya zura sabon nan da ya saya yana gunaguni, ya ɗaure. Bai buɗe murfin lagireto ba, domin ruwa mai zafi yakan yi tsalle ya ƙona fuska. Ya tayar, allurar batir ta koma 14, ta zafi ta fara sauka sannu-sannu. Muka isa asibiti. Kafin kiran assalatu aka fito aka ce an samu 'ya mace, uwa da ɗiya suna lafiya. A hanyar komowa Baba bai ce mini kome ba, amma na ga ya sa gefen rawaninsa ya goge gilashin agogon.

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa ta fi taɓa ni. Cikin maleji akwai 'yan lambobi masu ƙirga tafiyar da mota ta yi tun fitowarta. Na sabon akwatin tafiyar wata mota ce can a Turai, ba ta kai rabin abin da tsohon namu ya nuna ba, shi kuwa tsohon ya daɗe da tsayawa. Wani dillalin mota a tasha ya leƙa ya gani, ya ce, "Alhaji, ka yi sa'a. Ran da za ka sayar, ka ce iyakar tafiyarta ke nan." Baba ya ce, "Allah ya kiyaye." Da muka koma gida ya ce in ɗauko biro, in rubuta ranar da aka sake agogo, da lambar tsoho, da lambar sabo, in kuma rubuta cewa tsohon ya yi shekaru a tsaye. Shi ma ya rubuta da ajami a ƙasa, ya haɗa da takardun mota. Ya ce, "Na sha wuyar agogon da ba ya magana. Ba zan sayar wa wani mai yin ƙarya ba."

Daren nan ban yi barci ba. Da asuba bayan mun dawo masallaci na buɗe akwatina, na ɗaga jaridar, na fito da takardar nan, na haɗa da ta zango na uku, wadda ita ma lissafinta 41 ne. Na durƙusa gaban Baba na karanta masa duka, ban tsallake ko layi ɗaya ba, na kuma gaya masa tun yaushe take hannuna. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Ashe kai ma sitika ka manna." Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Sa'an nan ya ce, "Wanda ya iya jera wayoyin mota cikin littafi, lissafi bai fi ƙarfinsa ba. Da ka faɗa tun Afrilu, da kuɗin roba kaɗai za mu kashe." Ya je da kansa wurin wani malamin firamare a unguwarmu, ya roƙe shi ya riƙa zama da ni bayan la'asar har hutu ya ƙare.

To, 'yan'uwana ɗalibai, jan biron da malamai ke ja mana a takarda ba ƙiyayya ba ce, allura ce ta ɗaga. Wanda ya ɓoye ta ƙarƙashin akwati bai warkar da kome ba, ya dai hana a tsaya da wuri. Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku, in mun kawo muku sakamako maras daɗi, ku dube shi kamar yadda direba ke duban agogo, ku tambayi inda ruwan ke zuba. Tsoron faɗa shi ke sa da yawa cikinmu manna sitika. Direbobinmu kuma na Aujara da Jahun da sauran wurare, kunne yana da rana, amma rayukan da ke bayanku sun cancanci a haɗa musu da ido.

Mai Haƙuri tana nan tana aiki, an kusa gama biyan bashi, Baba kuma ya yi wa Inna alkawarin akuya in kaka ta yi. A gwajin farko na wannan zango na ci 58 a lissafi. Bai kai yadda nake so ba, amma ran da aka zo ziyara shi na fara nuna wa Baba, tun kafin in buɗe ƙullin da Inna ta aiko. Allah ya tsare mana iyayenmu a kan hanya, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibi ɗan Aji Biyar, mutumin Aujara.